Alheri a Gida, a Kasuwa da Cikin Unguwa: Tambayoyin da Masu Bi Suke Yawan Yi

Na daɗe ina koyar da ajin baftisma da na binciken Littafi Mai Tsarki da Hausa, kuma akwai tambayoyin da ba sa tsufa. Wata a cikin aji ake yin ta. Wata kuwa sai an tashi sujada, mutum ya ja ni gindin darbejiya ya yi ta ƙasa-ƙasa. Waɗanda suka fi dawowa su ne na tattara a nan. Inda Littafi ya yi magana a sarari na nuna wurin, inda ra'ayina ne kuma na faɗa.

Me ake nufi da alheri? Ba kyautatawar da kowa ya sani ba ce?

Bahaushe ya san alheri tun kafin bishara ta iso ƙasar nan. Yakan ce alheri danƙo ne, ba ya faɗuwa ƙasa banza, yakan kuma ce alheri gadon barci ne. Da aka fassara Littafi Mai Tsarki da Hausa, wanda ya fito cikakke a 1932, wannan kalma ta yau da kullum aka ɗora wa nauyin abin da Allah ya yi mana cikin Almasihu.

Amma duba karin maganar nan biyu da kyau. Dukansu suna sa ran sakayya: ka shimfiɗa yau, ka kwanta a kai gobe. Alherin Allah kuwa an yi shi ne ga wanda bai cancanta ba, ba shi kuma da abin ramawa. Romawa 5:8 ta ce tun muna masu zunubi Almasihu ya mutu dominmu, Afisawa 2:8-9 kuma ta ce ceto baiwa ce, don kada kowa ya yi fahariya. Ka tuna ma'aikatan gonar inabi a Matiyu 20. Wanda aka ɗauka da yamma liƙis ya yi aikin awa guda, aka ba shi dinari guda, daidai da wanda ya sha rana tun safe. Duk wanda ya taɓa yin ƙwadago a gonar wani, in ya ji labarin nan, ransa yakan tsaya wa mutanen safe. Sai ranar da ya gane cewa shi ne ɗan yamman, sannan labarin yake yi masa daɗi.

To, in ceto kyauta ne, me ya sa zan damu da halina?

Bulus ya riga ka yin tambayar a Romawa 6:1-2, ya kuma amsa da a'a mai ƙarfi. Ayar da ke bin waccan ta Afisawa, wato 2:10, ta ce an halicce mu cikin Almasihu domin kyawawan ayyuka. Titus 2:11-12 ta ce alherin da ya cece mu shi ne yake horon mu mu rabu da rashin tsoron Allah.

Ka ɗauki maraya da aka kawo riƙo, maigida ya ce daga yau kai ɗan gidan nan ne. In yaron ya ɗauki tsintsiya da safe, ba sayen matsayinsa yake yi ba, an riga an ba shi. Gidansu yake sharewa. Amma in shekara ta zagayo yana zuba shara a tsakar gida yana cewa ai ba za a kore ni ba, dole a tambaya ko ya gane abin da aka yi masa. Abin da Yakubu yake nufi ke nan da ya ce bangaskiya ba tare da ayyuka ba matacciya ce.

Ta ina zan fara a gida? Ba ni da lokacin doguwar addu'a.

Minti goma na sujadar iyali da ake yi kullum ya fi awa biyu da ake yi sau ɗaya a wata. Waƙa guda, ayoyi kaɗan, kowa ya faɗi abin da ke damunsa, a yi addu'a. In akwai wanda bai iya karatu ba, yaro ɗan makaranta ya karanta da ƙarfi.

Sai dai ina roƙo a duba wa ke zaune a tabarmar. Na taɓa kwana a wani gida inda aka yi sujadar dare mai daɗi, da waƙa da tafi, alhali yarinyar da aka kawo daga ƙauye don aiki tana bakin rijiya tana wanke tukwane cikin sanyin hunturu. Da aka gama, ƙanzo aka miƙa mata. Yaran gidan suna makaranta, ita tana talla. Wannan abu yana ci mini rai har yau. Kolosiyawa 4:1 ta umarci iyayen gida su yi wa masu yi musu aiki adalci da gaskiya, Yakubu 5:4 ta ce ladan ma'aikaci da aka danne yana kuka, kukan kuma yana kaiwa kunnen Ubangiji. Haka ma 1 Bitrus 3:7 ta gargaɗi maza cewa rashin girmama mata yana tare addu'a. Yara kuwa abin da suka gani da rana suke koya, ya fi abin da suka ji da dare zama a ransu.

Ni 'yar kasuwa ce. In na ce sai gaskiya, ba zan karye ba?

'Yar'uwa, riba halal ce, ciniki kuma ba laifi ba ne. Mai saye ya taya, ki ce albarka, ya ƙara, ku daidaita. Inda matsala take shi ne mudun da aka buga wa gindi ya shige ciki, da mudu biyu, babba na saye, ƙarami na sayarwa. Da manyan tumatir a saman kwando, ruɓaɓɓu a ƙasa. Da ruwa a cikin nono, da tsakuwa a cikin wake. Karin Magana 11:1 ta kira ma'aunin algus abin ƙyama ga Ubangiji, Maimaitawar Shari'a 25:13-15 kuma ta hana ajiye ma'auni iri biyu. Rantsuwar nan ta “ko uwar kuɗi ban mayar ba” alhali kin mayar, ki bar ta. Yesu ya ce i ɗinku ya zama i, a'a kuma a'a.

Mai saye ma bai tsira ba. Karin Magana 20:14 ta zana shi sarai: yana kushe kaya yana cewa ba kyau, ba kyau, in ya bar wurin sai ya shiga fahariyar ya yi arha. Mu da muke matse tsohuwa mai kuɓewa a kan 'yan canji, mu shiga babban kanti mu biya ba ko tayi, mu ji wannan. Batun ajiyar hatsi kuma, a sayi masara da kaka a sayar da bazara sana'a ce. Amma wanda ya kulle rumbu yana jiran yunwa ta kai wa maƙwabta wuya, Karin Magana 11:26 ta ce mutane za su la'ance shi.

Ba zan yi miki alkawarin cewa ba za ki yi asara ba. Wata rana za ki yi. Abin da na gani da idona shi ne mai cikakken mudu ba ta rasa masu dawowa, har a aiko yaro a ce ka je wurin Mama wance, ba sai an tsaya duba awo ba.

A wurin aiki fa? Kowa yana karɓar na goro.

Da masu karɓar haraji da sojoji suka tambayi Yahaya Mai Baftisma abin da za su yi, bai ce su ajiye aiki ba. Ya ce kada su karɓi fiye da abin da aka ƙayyade, kada su yi ƙwace, albashinsu ya ishe su (Luka 3:12-14). Ma'auni mai sauƙi: in ka ɓoye takardar mutum a aljihun tebur sai ya ba da wani abu, sunansa cin hanci, ko da an kira shi goro.

Ɗan'uwa a ikkilisiya ya ci bashina ya ƙi biya. Alheri yana nufin in yafe?

Bashi hanji ne, yana cikin kowa, don haka a fara da rarrabe wanda ya kasa da wanda ya ƙi. Wanda ya kasa, gona ta ƙi ko ciwo ya cinye jarinsa, ka tuna bawan nan na Matiyu 18 da aka yafe wa talanti dubu goma, ya fita ya shaƙe wuyan abokinsa a kan dinari ɗari. Ka ƙara masa lokaci, ka rage, ko ka yafe in za ka iya.

Wanda ya ƙi kuwa, yana ɗinka sababbin kaya yana kauce maka a ƙofar majami'a, shiru ba taimakonsa ba ne. Zabura 37:21 ta ce mugu ne yake cin bashi ya ƙi biya. Ka bi matakan Matiyu 18:15-17: ku biyu tukuna, sannan da shaida ɗaya ko biyu, sannan dattawan ikkilisiya. Kada ka fara da baza maganar a zumunta. Shawarata ta gaba kuma, duk rancen da ya yi nauyi a rubuta shi a gaban shaidu, ko da tsakanin fasto da dattijo ne. Takarda takan ceci zumunci.

Dangi sun yi mini yawa da roƙo, ga baiko, ga gudummawar gini. Wa zan fara ba?

1 Timoti 5:8 ta ce wanda bai kula da danginsa ba, musamman iyalin gidansa, ya fi marar bi muni. Yesu kuma ya tsawata wa masu cewa dukiyarsu keɓaɓɓiya ce ga Allah don su guje wa taimakon iyaye (Markus 7:9-13). Saboda haka kada ka yi alkawarin buhunan siminti a gaban jama'a alhali mahaifiyarka ba ta da kuɗin magani. Bayarwa gwargwadon abin da mutum yake da shi ce, da daɗin rai, ba da tilas ba (2 Korantiyawa 8:12 da 9:7).

A'a ma tana da wurinta. Galatiyawa 6 ta ce mu ɗauki nauyin juna, a aya ta 5 kuma ta ce kowa zai ɗauki kayansa. Ƙane mai ƙarfi da ya mai da kai albashinsa, kuɗin koyon sana'a ya fi masa amfani a kan na kati kowane mako. In rance ya nema, duba amsar bashi a sama.

Yaya zan zauna da maƙwabcina Musulmi? In ci abincin Sallah?

Da aka tambayi Yesu wane ne maƙwabci, Basamariye ya kawo misali da shi, mutumin wata kabila da wata hanyar sujada, kuma shi ne ya nuna jinƙai. Mun ga irin wannan a zamaninmu. A Yunin 2018, da aka kai hari ƙauyukan Barikin Ladi a jihar Filato, Liman Abubakar Abdullahi ya ɓoye Kiristoci 262 a masallacinsa da gidansa, ya tsaya a gaban maharan yana roƙonsu. Duk mai bi da zai yi wa Musulmi kuɗin goro ya fara tuna dattijon nan.

Mu da muka yi wayo a unguwannin da ake cuɗanya mun san kwanon tuwo da ke tsallaka katanga ranar Sallah, ya dawo da shinkafa ranar Kirsimeti. Bayan rikicin shekarar 2000, Kaduna ta rabu, Kirista suka fi komawa kudancin kogi, Musulmi arewa, yara da yawa kuma suka tashi ba su da aboki ko ɗaya daga ɗaya ɓangaren. Wanda ba ka taɓa cin abinci da shi ba, duk abin da aka faɗa maka a kansa sai ka yarda. Don haka ka je barka, ka je gaisuwar mutuwa, ka kai mara lafiya asibiti. Asibitin Galmi a Jamhuriyar Nijar, wanda mishan na SIM ya buɗe a 1950, yawancin masu zuwa neman magani Musulmi ne, shaidarsa kuma a wurin jinya take.

Batun naman layya, masu bi sun sha bamban. Ni ina karɓa da godiya, ina dogara ga 1 Korantiyawa 10:25-27. Wanda lamirinsa bai ba shi ba, kada ya ci, kada kuma ya wulaƙanta kyautar ko ya hukunta mai ci (Romawa 14). In an tambaye ka dalilin begenka, ka amsa ba tare da ɓoye-ɓoye ba, amma da tawali'u da ladabi, yadda 1 Bitrus 3:15 ta ce.

An ƙone gidanmu, an kashe mini ɗan'uwa. Ta yaya zan gafarta?

Wannan tambaya ba na amsa ta da sauri, kuma ina jin tsoron mai amsa ta da sauri. Kada kowa ya zo ranar makoki ya ce maka ka manta. Littafin Zabura cike yake da kukan “har yaushe, ya Ubangiji”, Yesu ma ya yi hawaye a kabarin Li'azaru. Ka yi kukanka a gaban Allah, har fushin ka faɗa masa.

Gafara tana farawa ne daga ajiye ramuwa. Romawa 12:19 ta ce ramuwa ta Ubangiji ce. Yau ka ce ba zan ɗauki makami ba, ba kuma zan koya wa 'ya'yana ƙin wata kabila ba. Gobe zafin ya dawo, ka sake faɗa. Ina ganin wannan yana cikin abin da ya sa Yesu ya ce wa Bitrus ba sau bakwai kaɗai ba: laifi guda ma yakan bukaci a yafe shi sau da yawa. Fasto James Wuye ya rasa hannunsa na dama a rikicin addini na 1992 a Kaduna, Imam Muhammad Ashafa kuma ya rasa malaminsa da 'yan'uwansa. Sun haɗu a 1995, daga baya suka kafa cibiyar sasanci tsakanin addinai a Kaduna, Wuye kuwa bai ɓoye ba cewa ya ɗauki shekaru kafin ƙiyayyar ta sake shi.

Ekklesiyar 'Yan'uwa a Nijeriya, EYN, wadda ta faro a Garkida a 1923, ta sha wuyar da ba ta misaltuwa. Yawancin 'yan matan Chibok da aka sace a Afrilun 2014 'ya'yanta ne, a Oktoban shekarar kuma Boko Haram ta mamaye hedkwatarta a Kwarhi. Duk da haka ba ta sauka daga koyarwarta ta salama ba. In kana jin ba za ka iya ba, ka nemi irin waɗannan 'yan'uwa ka zauna da su. Maganar wanda ya bi ta cikin wutar ta fi tawa nauyi.

Gafara tana nufin a bar shari'a ke nan? Mijina yana dukana, ana ce mini in yi haƙuri.

A'a. Romawa 12 da ta hana ramuwa, sura ta 13 ce ke bin ta, inda aka ce hukuma ma'aikaciyar Allah ce don hukunta mai mugunta. Kana iya yafe wa ɓarawo a zuciyarka ka kuma ba da shaida a kotu. Yafewa daban, mayar da amana daban. Amana sai an ga tuba.

Ke kuma 'yar'uwa, ki ji ni da kyau. Haƙuri maganin zaman duniya ne, gaskiya, amma an sha amfani da kalmar nan a rufe bakin mata har a kai su kabari. Afisawa 5:25 ta ce miji ya ƙaunaci matarsa yadda Almasihu ya ƙaunaci ikkilisiya har ya ba da ransa dominta. Babu mari a cikin wannan. Ki tsira da ranki da yaranki zuwa inda babu haɗari, ki gaya wa dattawa da shugabannin zumuntar mata da danginki. In ba su ji ba, ki kai ga hukuma. Tun 2015 akwai dokar tarayya da ta haramta irin wannan cin zarafi, jihohi da yawa kuma sun karɓe ta. Dattawa, wanda ya kamata a zaunar a yi wa faɗa shi ne mai dukan.

Horon ikkilisiya bai saɓa wa alheri ba?

Horo yana cikin Littafi, manufarsa kuma maido da mutum. Galatiyawa 6:1 ta ce a komo da wanda ya faɗi cikin tawali'u, mai komo da shi kuma ya kula da kansa. A 2 Korantiyawa 2:6-8 Bulus ya ce hukuncin ya isa, a yafe wa mutumin a ta'azantar da shi, kada baƙin ciki ya haɗiye shi.

Abin da ke damuna shi ne yadda muke yin sa. Yarinya ta yi ciki, a sanar da sunanta, ta koma bencin baya wata da watanni, ba mai zuwa gidansu. Wanda ya yi mata cikin kuwa yana cikin mawaƙa, ko ya bar gari. Mai danne kuɗin marayu da mai mudu biyu ba a taɓa kiransu ba, don zunubinsu ba ya fitowa a jiki. A Yahaya 8 ma matar kaɗai aka jawo gaban Yesu. In za a yi horo, a yi wa kowa da ma'auni guda, a sa wanda zai riƙa ziyarta, ranar maidowa kuma a yi murna a fili kamar yadda aka yi sanarwa a fili.

Me ya sa ƙabilanci ya yi ƙarfi a cikinmu?

Tsohon ciwo ne. A Ayyukan Manzanni 6, masu jin Helenanci sun yi gunaguni cewa ana tsallake gwaurayensu mata wajen rabon abinci. Manzanni ba su ce a yi shiru don zaman lafiya ba, sai aka zaɓi mutum bakwai, dukansu masu sunayen Helenawa, aka danƙa musu rabon. Mu kuwa Hausa ce ta haɗa kabilu barkatai a benci guda, amma ranar zaɓen dattawa ko neman aure sai a koma tambayar ɗan wane gari ne. Bahaushe ko Bafulatani mai bi yakan sha kallon zargi a majami'a bayan ya sha na dangi a gida, alhali cocin St Bartholomew na Wusasa, kusa da Zariya a tsakiyar ƙasar Hausa, ginin ƙasa, yana tsaye tun 1929. In irin wannan ɗan'uwa ya shigo, ka matsa masa a benci, ka kuma kai shi gida cin abinci.

Tura labarin wani a WhatsApp don a yi masa addu'a laifi ne?

In bai ba ka izini ba, tsegumi ne da rigar addu'a. Haka ma hoton gawa ko labarin hari da ba ka tabbatar ba: kana iya kunna wutar da za ta ci unguwa. Ka kira mai abin, ko ka yi addu'arka a ɗaki.

Ina ƙoƙarin bin Ubangiji amma wahala ta ƙi ƙarewa. Bangaskiyata ce ta gaza?

Akwai masu wa'azin cewa in ka shuka iri mai tsoka talauci da ciwo za su gudu. Bulus ya roƙi Ubangiji sau uku a cire masa ƙaya a jiki, amsar da ya samu ita ce alherina ya ishe ka (2 Korantiyawa 12:9). Da almajirai suka ga makaho suka tambaya zunubin wa ya jawo, Yesu ya ce ba nasa ba ne, ba kuma na iyayensa ba. Ka ci gaba da addu'a, ka je asibiti, ka sha maganinka. Ka kuma bari 'yan'uwa su san halin da kake ciki. Da yawa cikinmu mun iya bayarwa amma karɓa tana yi mana nauyi, mu kwana da yunwa don kada a ji. Wanda ya karɓi ceto kyauta bai kamata mudun masara daga hannun ɗan'uwa ya ba shi kunya ba.

Na sake faɗawa cikin zunubin da na tuba a kai. In ci jibin Ubangiji ko in zauna?

In kana ƙarƙashin horo, ka bi tsarin ikkilisiyarka, ka kuma duba amsar horo a sama. In tsakaninka da Allah ne, 1 Yahaya 1:9 ta ce in mun furta zunubanmu shi mai aminci ne, zai gafarta mana. Gwada kai da 1 Korantiyawa 11:28 ta ce a yi, ƙarshen ayar shi ne mutum ya ci gurasar ya sha ƙoƙon. Bitrus ya yi musun Ubangiji sau uku, aka kuma ba shi kiwon tumaki a bakin teku.

Sai dai in akwai wanda ka cuta, Matiyu 5:23-24 ta ce ka bar baikonka ka je ku shirya tukuna. Kuɗin da ka danne ka mayar, ko kaɗan-kaɗan ne. Matar da ka zaga a gaban yara, ka ba ta haƙuri a gaban yaran. In zunubin mai dawowa ne, kamar shaye-shaye ko caca a waya, ka sami dattijo guda mai riƙe asiri, namiji ga namiji, mace ga mace, ka gaya masa komai, ku sa ranar da zai riƙa tambayarka kowane mako. Ka yi wannan kafin Lahadi, sannan ka zo teburin.